Rumbun da Katanga Ta Kasa Ratsawa

Ƙaiƙayi ne ya tayar mini da wannan zance. Ran nan na bi ta layin 'yan hatsi a kasuwar Sabon Gari, sai wani ya zazzage buhun dawa a kan tabarma daidai lokacin da nake wucewa. Ƙurar ta tashi ta sauka mini a wuya, kafin in kai bakin titi na soma susa. Wata mai manja da muka saba ta ce in tsaya ta ba ni ruwa in wanke, na ce ta bar shi. Haka na shiga bas ɗin Samaru ina susa ina murmushi ni kaɗai, har kwandasta ya riƙa satar kallona. Wanda bai taɓa shiga cikin rumbu ba, ƙaiƙayi azaba ce kawai a wurinsa. Ni kuwa gidanmu yake mayar da ni.

Gidanmu yana bayan Samaru, ta wajen hanyar Basawa. In ka je yau ba abin da za ka gani sai ɗakunan hayar ɗalibai, da shagunan cajin waya, da masu soya taliya da ƙwai a bakin kwata. Amma ina yarinya unguwar manoma ce, gidaje 'yan kaɗan, kowa gonarsa daga bayan dangarsa take farawa. Babu irin aikin da ba a sa ƙasar nan ba. Kakanmu ya yi zamanin auduga, lokacin da ake labta ta a jakuna a kai ma'auna. Iyayenmu sun yi gyaɗa, sun yi taba, daga baya aka kawo musu masara da takin zamani. Kowane sabon abu da nasa mutanen, su zo a kan babur su tara dattawa a gindin ɗorawa, su ce wannan karon arziki ya iso. Kowanne kuma ya yi yayinsa ya wuce. Dawa ce kaɗai ba wanda ya taɓa hawo babur ya yi mata talla, ita ce kuwa ta raine mu.

A tsakiyar gidan akwai rumbu. Wasu kan ce wa irinsa rufewa, tunda na ƙasa ne, amma mu rumbu muka tashi muna ce masa. Kakanmu ne ya gina shi da jar ƙasa, a kan manyan duwatsu don kada gara ta hau, ƙaton ciki gare shi kamar randa, bakinsa a can sama, da jinka a kansa. A ƙarƙashinsa, tsakanin duwatsun, kaji suke yin ƙwai. Ban riski kakan nan namu ba. Ya rasu a kan addinin iyayensa na gargajiya, ya bar matarsa da 'ya'ya maza biyu. Babana, wanda shi ne babba, ya yi makarantar mishan ya zama Kirista. Ƙanensa, baffana, ya yi yaron shago wurin wani mai sayen auduga a Sabon Gari, a can ya musulunta. Ita kuwa kaka ba wanda ya iya cewa ga inda ta dosa. Ran Lahadi in ta ga dama ta bi mu coci ta yi gyangyaɗi a bencin baya, da azumi kuma ita ke dama wa gidan baffa kunun tsamiya. In aka matsa mata da tambaya sai ta ce ita biyu ta haifa, ba za ta bi ɗaya ta bar ɗaya ba.

Ban isa shiga makaranta ba aka yi katangar, amma ina tuna ranar sarai. Ba wani babban faɗa aka yi ba. Baffa ya yi aure yana son iyalinsa su sami sutura, mu kuma matan zumuntar coci kan taru a tsakar gida su yi ta buga tulu suna koyon waƙa. Kowa da masu zuga shi a waje. A ƙarshe dai babana da baffa suka shirya a raba gida, a raba gona, kowa ya san nasa. Aka kira magini, ya kafa turke a bakin zaure, ya ja igiya zuwa bayan gida. Igiyar nan ba ta faɗa ko'ina ba sai kan cikin rumbu, tsakiyarsa cif.

Magini ya ce shi dai ba ya sa diga a rumbu mai hatsi a ciki. Haka kowane ɗan manomi a ƙasarmu ya tashi ya tarar: wanda ya fasa rumbu da hatsi, gonarsa za ta juya masa baya. Sai iyayen namu suka ce abu mai sauƙi ne, a kwashe dawar a raba, sannan a rushe. Duk wannan kaka tana jinsu daga ƙofar ɗakinta. Ta ɗauko 'yar kujerarta, ta zo ta ajiye a gindin rumbu, ta zauna ta jingina da shi.

"Ƙasa ta ubanku ce, ku raba," in ji ta. "Amma wannan, ni na kwaɓa ƙasan da aka gina shi da ƙafata. Kai kana goye a bayana, kai kuma kana cikina. To ku faɗa mini wanda bai taka ba a cikinku, in ba ɗayan."

Babana ya yi ta kallon igiya, baffa ya yi ta kallon ƙasa. Kaka ta wuni a wurin, ko abinci nan aka kai mata. Washegari ma da magini ya dawo, a nan ya tarar da ita. Da ya gaji da jira sai ya gina abin da zai iya. Katanga ta taso daga zaure ta zo ta dafa cikin rumbu ta tsaya, ta sake tashi daga ɗaya gefen ta wuce bayan gida. Rumbu ya zauna a tsakiya, rabin cikinsa a gidanmu, rabi a gidan baffa. Ƙarƙashinsa kuma a buɗe, kaji da mu yara muna rarrafawa mu ɓulla duk gidan da muke so.

Ɗakin kaka ya faɗo ta wajenmu, amma ba ta yarda ta zama tamu mu kaɗai ba. Inuwar rumbu take bi. Da safe inuwar tana gidanmu, nan za ka same ta tana kaɗi. Rana na karkatawa inuwa ta koma gidan baffa, sai ta ɗauki kujerarta da mazarinta ta fita ta zaurenmu, ta zaga ta shiga nasu. Mutanen unguwa har agogo suka mayar da ita, in sun ga ta wuce da kujera sun san azahar ta yi.

Da kaka ta yi, wato lokacin girbi, sai tsohuwar ta kafa dokokinta. Gona an raba, amma rumbu ɗaya ne, kuma duk dawar gida biyu a cikinsa za ta kwana. Tsani ɗaya ne, wani gungumen itace mai rassa biyu da aka sassara wa matakai, a ɗakinta yake zama. Sai kuma wuƙarta. Babana da kaba yake ɗaure daminsa, baffa kuwa da igiyar rama, yana yi mata wani ƙulli mai kunne biyu da ko cikin dami ɗari za ka gane nasa. Kaka ta ce ba damin da zai hau tsani da ɗaurinsa. Takan zauna a gindin rumbu da wuƙa a hannu, duk damin da aka kawo ta tsinke igiyar, zangarniyoyi su warwatse, sannan a miƙa sama a kwando. Igiyoyin kuma ta tara ta hura wuta da su.

Sai dai akwai abin da wuƙa ba ta iya yankewa. Babana kaura yake shukawa, mai jan ido, baffa kuma farafara. Ko an tsinke igiya, launi na nan. Don haka ta ƙara doka: yara biyu za su shiga ciki su jera, ɗaya daga kowane gida, su riƙa cakuɗawa. Ni aka zaɓa daga gidanmu saboda ƙanƙantar jikina, daga can kuma ɗan baffa, wanda na girme shi da 'yan watanni, ban kuma taɓa bari ya manta da haka ba.

Ina ma in iya sa ka ji yadda cikin rumbu yake. Ana zura ka ta baki, ƙafafu su fara shiga, sai sanyi ya kama ka ko da rana tana tsaka. Ga ƙanshin toka da busasshen ganyen ɗoɗɗoya da kaka ke sa a barbaɗa saboda ƙwari. Hayaniyar gida ta koma can nesa, kamar an kife ka da tukunya. Haske ɗan kaɗan ne daga sama, ƙura na yawo a cikinsa. A nan ni da ɗan baffa muke jera zangarniya, kai ciki, kara waje, jar nan da farar nan, muna zagayawa. A nan kuma muke dambe. Shi ya ce ya taɓa maciji don in yi ihu, ni in cusa masa ƙaiƙayi a riga. Kaka ta buga cikin rumbu da sandarta daga waje ta ce in ba mu bari ba za ta rufe bakin ta tafi da tsani. Mukan fito fari fat, ido ja, jiki na ƙuna. Ta yi mana wanka da ruwan ɗumi a kwarya ɗaya, ta shafe mu da man kaɗe, ta ba mu ƙuliƙuli.

Ranar ɗiba ma mu ne. Mu cika kwanduna, ita kuma ta raba a ƙasa. Ba ta duba wanda ya fi kawowa, bakunan da ke kowane gida take dubawa. Tuwon gidanmu da na gidan baffa iri ɗaya ne sak, ba fari ba, ba ja ba, wani launi ne kamar na sabuwar tukunya. Yaran unguwa har tsokanarmu suke yi da shi. Ni kuwa sai da na yi aure na fara cin tuwon dawar da ba a cakuɗa ba.

Shekarar da na gane amfanin wuƙar nan ita ce shekarar tabar baffa. Masu babur sun zo sun cika masa kunne, ya ba taba kusan duk gonarsa, ya gina dogon ɗakin gashin taba a bayan gida. Ganye ya yi kyau har mutane na zuwa kallo. Ana cikin gashi wuta ta kama ɗakin, kafin a kawo ruwa daga rijiya komai ya zama toka. Dawar da ya shuka a gefen gona kuwa ba ta taka kara ta karya ba.

Ranar zuba hatsi dammunan babana suka taru a gindin rumbu har sun fi ni tsawo. Baffa bai fito ba. Ina ji mahaifiyata tana cewa ƙasa-ƙasa, bana dai ya kamata kowa ya ci guminsa. Ban ga laifinta ba har yau, mu da yawa ne a ɗakinta, ga goyo. Kaka ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce in rarrafa ta ƙarƙashi in kira mata baffa. Ya zago ta zaure ya tsaya nesa, hularsa a hannu.

"Inna, bana a bar ni," ya ce. "Abin da na samu bai kai a jingina tsani dominshi ba."

"Kawo."

"Inna, kunya nake ji."

"Ni na haife ka tsirara, ban ji kunya ba. Kawo."

Ya je ya kawo. 'Yan dammuna ne da mutum ɗaya ya ɗauko a sawu biyu. Kaka ta sa wuƙa ta tsinke ƙullin ramar nan ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggauta ba, kamar yadda take yi kowace shekara. Babana ne ya sunkuya ya kwashe farafarar a kwando ya hau tsani da ita. Kaka ta ɗaga kai ta ce da mu da ke ciki mu baza farar nan sosai, kada ta ga ta taru wuri ɗaya. Ɗan baffa bai tsokane ni ba ran nan. Yana jera yana share hanci da bayan hannu, ni kuma na yi kamar ƙaiƙayi ne ya shigar masa ido.

Mun sha wuya a daminar da ta biyo. Tun ba a yi noman farko ba kwandon ɗiba ya ragu, tuwo ya koma na dare kaɗai, da rana sai kwaɗon rama da tafasa. Gida biyu muka rame tare. Duk da haka kaka ba ta bari an share rumbu ba, sai da ta bar jeri na ƙasa yana nan har sabuwa ta shigo, don ita a wurinta rumbu ba ya kwana wayam. Tuwon shekarar ja ne sosai, kowa ya gani, ba wanda ya faɗa. Bayan wasu shekaru ƙurkunu ya kwantar da babana damina guda, ciyawa ta cinye masa gona. Tuwon wannan shekarar fari ne, mahaifiyata kuwa ta ci nata shiru.

Da kaka ta ji jikinta ya ƙi, ta kira ni. Lokacin na gama makarantar horon malamai, an sa ranar aurena. Ta jawo wuƙar daga ƙarƙashin tabarma, bakinta ya sirance saboda wasawa, ƙotar an naɗe ta da fata. Ba ta ba babana ba, ba ta ba baffa ba. Na tambaye ta dalili, ta ce duk jikokinta ba wanda ya kai ni taurin kai, kuma aikin ba na mai kunya ba ne. Bayan rasuwarta, duk girbi nakan zo daga gidan mijina in zauna a kujerarta in yanka. Babana da baffa, da furfurarsu, su kawo dami su ajiye a gabana.

Sannan gari ya iso mu. Jami'a ta cika ta batse, ɗalibai na neman wurin kwana, gonaki suka soma zama fulotai. Gonar da aka yi taba, da wadda aka yi kaura, duk yanzu bulo ne da kwano. Babana ya rasu, baffa bai daɗe ba ya bi shi. Aka kuma shiga shekarun nan da gari kan rikice, mutane suka riƙa kwashe kaya suna komawa unguwar da masu irin addininsu suka fi yawa. Mu ba a taɓa ɗaga wa juna hannu ba, amma sanyi ya shiga. Ɗan baffa ya je Makka ya dawo Alhaji, ya yi shaguna a gaban gidansu. Wata rana na zo na tarar an toshe ƙarƙashin rumbu da bulo ta wajensu. Ƙanena, wanda gidan babana ya koma hannunsa, shi ma ya toshe ta wajenmu, ya cika tsakar gida da ɗakunan haya. Gaisuwa ta koma sai wurin jana'iza. Yaron da muka yi dambe a cikin ƙaiƙayi ya koma ce mini Malama, ni ina ce masa Alhaji. Rumbu dai yana nan. Jinkarsa ta ruɓe na sa aka kifa masa tsohon kwano, in ya tsage in nemo mai yaɓe.

Da ranin bara ƙanena ya kira ni a waya. Ya ce, "Yaya, mun yi magana da Alhaji. Za a cire tsohon rumbun nan a miƙe katanga. Ni zan sami wurin ƙarin ɗaki, shi ma hankalinshi zai kwanta. Ai ba komai a ciki sai ƙura." Ka ji fa. Shekara da shekaru mutanen nan biyu ba su haɗa baki a kan komai ba, ranar da suka haɗa, a kan rushe abu ɗaya da ya rage musu tare ne. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tambaye shi yaushe, ya ce jibi.

Gaskiyarsa ce, dawar ƙarshe da ke ciki ƙwari sun daɗe da mayar da ita gari. Amma tun da na yi ritaya nake noma wani fili da wata 'yar cocinmu ba ta gina ba a bayan Basawa, kaura nake shukawa, irin ta babana. Ina da 'yan dammuna a ɗakin girki. Ranar da aka sa, da sassafe na labta su a keke mai ƙafa uku. Tsanin kaka ya daɗe da ruɓewa, sai na ari na ƙarfe wurin wani ɗan kudu mai gyaran wutar lantarki da ke haya a gaban gidan. Ya riƙe mini yana ta cewa, "Mama, a hankali o!" Na tsinke kabar, na hau, na zuba. Na sauko na sa kujera a gindin rumbu na zauna.

Leburori suka iso da diga da shebur, 'yan cin rani ne daga ƙauye. Babbansu ya gaishe ni, ya ga tsani a jingine, ya ga zangarniya a ƙasa. Ya hau ya leƙa. Da ya sauko sai ya ce da ƙanena, "Ranka ya daɗe, da hatsi a ciki. Mu manoma ne, damina za mu koma gida. A nemi wasu." Suka saɓa kayansu suka fita.

Ƙanena ya juyo kaina. "Yaya, don Allah mene ne haka? Wannan ai neman rigima ne."

"Shi ne," na ce.

"To zan sa a kwashe."

"Ga tsani nan, hau da kanka. Amma ka san abin da aka ɗebo daga nan ci ake yi, kuma gida biyu ake raba shi. Kai za ka kai ma Alhaji nashi kason, ka ce mishi na rushe rumbu ne."

Ya tsaya yana huci da takalmin ofis ɗinsa. Sai ga murya daga bayan katanga, ashe ɗan baffa yana jin komai. "Malama, zamanin nan ya wuce. Ki bar mutane su gyara gidajensu."

"Alhaji, zago ka faɗa mini a gabana."

Bai zago ba. Maganar ƙanena ba ta dame ni ba, shi bai taɓa shiga rumbun ba, an haife shi bayan an daina zura yara. Amma ta ɗan baffa ta soke ni. Shi ya san sanyin cikin, ya san shekarar taba. Na koma gida na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Da na share hawaye kuma na ce ko ni kaɗai ce, rumbun nan ba zai sake kwana wayam ba.

Damina ta zo ta wuce ina zaryar Samaru. Na san ba kowane lebura ne ɗan manomi ba, wata rana za a iya samo waɗanda ba ruwansu. Duk sanda na shawo kwanar layin, sai na fara hango kwanon kansa kafin numfashina ya daidaita. Ƙanena ya daina ɗaukar wayata. Bulon da ya saya yana jibge a gefe. Ɗalibai 'yan haya kuwa sun mayar da ni abin kallo, in sun gan ni su ce ga maman rumbu ta zo, wasu har hoto suke ɗauka a jikinsa.

Da aka yi girbin bana na sake kawo kaurata. La'asar ce, mai gyaran wuta ya riƙe tsani, na hau da kyar don gwiwa ta soma ba ni matsala. Na ɗaga kwanon na leƙa. Sai da idona ya saba da duhun sannan na gan shi. A kan tsohuwar kaurata ta bara akwai dami guda, fari tas. Farafara ce. An ɗaure ta da igiyar rama, da ƙulli mai kunne biyu.

Na daɗe a kan tsanin nan ban motsa ba, har mai riƙewa ya tambaya ko lafiya. Daga inda nake ina ganin tsakar gidan baffa, rabona da shiga cikinsa har na manta. Ga ɗan baffa zaune a tabarma cikin inuwar rumbu, daidai inda kaka kan sa kujerarta, gemunsa fari, rediyo a kunne, wai shi bai san da ni ba.

Na ce, "Kai! Ka manta doka ne? Wa ya ce maka ana zubawa da ɗauri?"

Bai ɗago ba. "Wuƙan ai tana wajenki. Da me kike so in yanka?"

"Ina ka samo farafara, kai da ba ka da ko taki ɗaya na gona?"

"Bayan shago na shuka, 'yan layuka. Ke dai yi abin da ya kawo ki, kada ki tara mini jama'a." Ya ƙara muryar rediyonsa.

Jikina ya wuce shiga bakin rumbu yanzu. Na sa aka miƙo mini gora mai ƙugiya, na jawo damin sama, na zaro wuƙar kaka daga jakata na tsinke ƙullin. Na riƙa sakin zangarniyoyin, fara ɗaya, ja ɗaya, ina juya su da gorar yadda ba za su taru wuri ɗaya ba. Ƙaiƙayi ya tashi ya rufe ni. Idona ya yi ta ruwa, na bar shi a kan ƙaiƙayin ne.

Ba na ruɗin kaina. Gonakin nan ba za su dawo ba, jikokina ma tuwon dawa sai an lallashe su suke ci. Ƙarƙashin rumbu har yau a toshe yake ta gefe biyu, ɗan baffa bai zago ba, ni ma ban zaga ba tukuna. Abin da ke ciki duka-duka bai fi a ci kwana kaɗan ba. Amma hatsin gida biyu ne, a cakuɗe, ba mai iya ware nasa. Ƙanena ya aiko a gaya mini maganar ba ta mutu ba, na ce a gaya masa yanzu mutum biyu zai nema izini, kuma ya fara da Alhaji. Bulonsa na nan a jibge, har ciyawa ta fito a tsakaninsu. Ni kuwa na kai wuƙar an wasa mini ita a Sabon Gari, na naɗe ta na ajiye. Baɗi da aiki.